Ni da Kukar Baba a Hanyar Damagaram

Da sunan Allah nake farawa. Tun da na dawo daga Damagaram matan Islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba. Kowace ta gan ni sai ta ja ni gefe: "Wai da gaske ne kin tsallaka iyaka saboda ice?" Wasu har sun ƙara wa labarin gishiri, wai neman magani na je. Na gaji da ba da shi guntu-guntu a bakin famfo, shi ya sa na ɗauko ragowar littafin rubutun 'yata na zauna in rubuta shi sau ɗaya. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Gaskiya ne, saboda ice na je. Amma sai kun san icen tukuna.

Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba, tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Yana da wata kuka da ya rena a cikin kasko mara zurfi. Shekararta goma sha tara, amma tsayinta bai wuce kamu biyu ba. Kuka ce sosai, da ƙaton ciki da gajerun rassa, kamar an ɗauko ta bakin kasuwa an matse. Yara suka sa mata suna Gajera. Daga ƙwallon kukar ƙofar gidan mahaifinsa ya tsirar da ita, ita uwar kuwa an sare ta lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha aka zo fitar da titi. Gajera ce kaɗai abin da ya rage masa na wancan gida. Sana'ar ya koyo ta wajen wani abokinsa mai lambu a Damagaram, Malam Ilya, zamanin da suke aikin dashen itatuwa a bakin iyaka. Shi kuma Malam Ilyan wani mutumin Japan ne ya koya masa. A can ƙasarsu wai bonsai suke ce wa irin wannan reno.

Shekara goma sha ɗaya ina kallon yadda yake yi da ita. Da damina in ta yi ganye, sai ya zauna da ɗan almakashi yana datse sababbin tsiro, ya miƙo mini ganyen da bai cika tafin hannu ba ya ce, "Amarya, ga miyar yau." Amarya yake ce mini har yanzu, da 'ya'yana huɗu. Reshen da yake so ya kwanta, sai ya ɗaura masa ɗan dutse da zare. Da kaka ya rage mata ruwa. Ganye na zubewa ya ɗauke ruwan gaba ɗaya, sai kuma gab da damina ya fito da ita ya rage saiwa ya sake mata ƙasa.

Bana Allah ya kira Baba aikin Hajji. Ana gobe za su wuce sansanin alhazai ya kira ni gaban kaskon ya ce, "Amarya, ga amanar Gajera. Ke ce kullum a gida, ke ce kuma ba kya mantuwa. Aikinki ɗaya ne: kada kowa ya ba ta ruwa. Ko ɗigo."

Na ce to. Kuma na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba.

Sati ɗaya na riƙe. Sai zafi ya fara shigowa, na ga ƙasar kaskon ta yi fari fat, jikin Gajera ya ɗan yi tamoji, babu ganye ko ɗaya. A satin nan ne kuma malama ta yi mana darasin matar nan da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi na kanta ba. Na dawo gida na tsaya a gaban kaskon. Na ce a raina, kukar daji tana da saiwar da za ta bi ƙasa ta nemo ruwa, wannan kuwa mu muka tsare ta a kasko. In ta mutu da ƙishirwa a gabana, me zan ce gobe ƙiyama? Ranar na juye mata ragowar ruwan alwalata. Washegari ma haka. Kafin in ankara ya zama safe da yamma, ina yi ina jin daɗi a raina wai lada nake samu.

Kwana uku bayan babbar Sallah ina shara na ji wani wari kamar na rogon da ya ruɓe. Na bi warin har gindin Gajera. Na ɗan danna da babban yatsa, sai yatsan ya nutse.

Da maigidan ya dawo ofis na nuna masa. Salati kawai ya yi ya zauna a kan turmi. Ya ɗauko wasu tsofaffin abokan aikin Baba su biyu, suka duba suka ce su dashen daji suka sani, wannan sai wanda ya koya masa. Ga shi rediyo ta fara cewa jiragen alhazai sun kusa fara sauka. Malam Ilya ba shi da waya, ba ma mu san ko yana raye ba. Maigidan ba zai samu izinin barin aiki ba. Sai yayarsa, Yaya Uwani, wadda take zuwa Damagaram saro cuku da dabino, ta ce, "Wadda ta jiƙa ita za ta ɗauka. Shirya, Alhamis mu tafi." Na tambayi malama, ta ce tafiya cikin amintattun mata da yardar miji ba laifi. Na ƙulle soyayyen naman layya a leda don tsaraba.

Bayan asuba muna tashar Dutse. Tun da aka ƙaddamar da shari'a mata baya suke zama, to kujerar ƙarshe muka samu, daidai kan taya. Direba ya ga kaskon ya ce a ɗora a saman mota. Na ce wallahi sai dai in ni za a ɗora. Na zauna na aza shi a cinya na rufe da gefen hijabi.

Ba mu kai Kiyawa ba wata dattijuwa da ke gefena ta leƙa. "'Yar nan, mene ne wannan?"

"Kuka ce, Inna."

"Kuka? A'uzubillahi! Gidan iska kika ɗauko mana cikin mota?" Ta ja jikinta har ta kusa hawa cinyar ta gefenta.

Yaya Uwani ta ce, "Kwantar da hankalinki, Hajiya. Aljanin da zai zauna cikin wannan sai dai wanda ba a yaye ba."

Mota ta ɗau dariya har maza na waiwayowa. Ni dai ban iya dariyar ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga kaskon sama da hannu biyu, ina jin gindin yana rawa a cikin ƙasar. Kafin mu wuce Jahun mu kai Gujungu kafaɗuna sun yi tsami, Yaya Uwani ta ce in ba ta ta riƙe, na ƙi. A Gumel muka sake mota zuwa Maigatari.

Wadda ba ta taɓa zuwa Maigatari ranar kasuwa ba, ba ta ga dabbobi ba. Shanu, raƙuma, jakuna, Buzaye da rawani har ido, kowa na magana lokaci ɗaya. Na rungume kaskon ina bin bayan Yaya Uwani kamar makauniya. A nan muka shiga wata tsohuwar a-kori-kura mai zuwa Dungas, mu da buhunan gero da awaki uku. Ina can ina kare kaskon daga gwiwar wani mutum, ashe wata akuya ta zuro kai ta ƙarƙashin hijabina. Sai ji na yi ƙaras! Ta cinye kan ƙaramin reshe ɗaya, wanda Baba ya yi damina biyu yana lanƙwasawa. Mai akuyar ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, ai itacen wuta ne ko?" Na ja hijabi na ƙara rufe kaskon.

A shingen ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba, sun san Yaya Uwani, har ɗaya yana tsokanarta ta taho masa da dabino. A na Nijar aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jandarma dogo, siriri, riƙe da tsinken ƙarfen da suke soka wa buhuna, ya tsaya a kaina.

"Madam, mi ke ƙarƙashin ƙasar?"

"Saiwa ce kawai, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga tsinken. Ban san lokacin da na duƙa na rufe kaskon da jikina ba. Na ce, "Don girman Allah kada ka soka, mara lafiya ce."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya kira abokansa da Faransanci, suka taru suna dariya. Amma ya ajiye tsinken. Ya durƙusa ya tura yatsa a hankali ta gefen kaskon, ya fito da shi da baƙar laka, ya shinshina ya yamutsa fuska.

"Kai, Najeriya! Mu nan ruwan da za mu sha muke biɗa, ku kuna shayar da kuka a bazara. Wa ya yi wannan aiki?"

Na sunkuyar da kai. Ya goge yatsan a wandonsa ya ce mu wuce, Allah ya ba ta lahiya.

Daga nan yashi ne har Dungas, sau biyu maza na sauka su tura. Muka bi ta Magarya, sai gab da magariba muka shiga Damagaram. A gidan Hajiya Mariyama muka sauka, wadda Yaya Uwani take sarin cuku a hannunta. Mace ce mai fara'a, ta sa aka kawo mana ruwan wanka, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Abincinsu kusan namu ne, sai dai burodi. Nasu dogo ne kamar sanda, mai tauri, kuma da shi suke cin komai har shinkafa da miya. Dambun zogalensu da ƙuli ya fi namu, wannan dole in faɗa. Shayi kuwa a ɗan ƙaramin kofin gilas, sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓa don kunya. Hausarsu ina ji, sai dai suna cusa Faransanci a tsakiya kamar yadda 'yan bokonmu suke yi da Turanci. Abin da ya fi ba ni mamaki matan aure a kan babur, su da kansu suke tuƙawa, da goyo a baya, babu mai waiwayensu.

Da safe muka fita neman Malam Ilya mai lambu. Aka kai mu wajen wani Ilya mai sayar da latas, ba shi ba ne. Aka tura mu wajen wani, aka ce ya rasu bara. Har na fara salati, sai ɗiyarsa ta ce mahaifinta bai taɓa shuka ice a kasko ba. Rana ta take, gari ya yi tsit, don su da tsakar rana kowa rufe shago yake ya kwanta. Muka zauna a inuwar wani mai gyaran takalmi. Shi ne ya leƙa kaskon ya ce, "Au, Ilya Japan kuke biɗa! Ai da kun ce mai ƙananan itace." Ya kwatanta mana wani lungu a cikin Birni, tsohon garin.

Bayan an sauko Juma'a muka yi sallama a ƙofar gidan Malam Ilya. Tsakar gidan nan cike yake da kasake a kan tubala: tsamiya, ɓaure, kuka huɗu, duk ba wanda ya kai ƙuguna. Akwai wani ɗan gawo kore shar a tsakiyarsu. Malam Ilya tsoho ne ƙanƙani, idonsa ɗaya ya yi fari. Muka durƙusa muka gaishe shi. Yaya Uwani ba ta gama faɗar sunan Baba ba ya miƙo hannu ya karɓi kaskon.

"Na san ta. Ni na ba shi kaskon nan." Ya danna gindin, ya shinshina. Fuskarsa ta canja. "Wa ya ba ta ruwa?"

Yaya Uwani ta yi caraf ta ce, "Malam, ka san gidan yara, ga famfo kusa da wurin..."

Na so in bar ta a haka, Allah ya sani na so. Amma na ce, "Ni ce, Baba. An hana ni, na ba ta. Tausayi ta ba ni."

Ya juyo da lafiyayyen idon ya dube ni. "Tausayi. Ɗiyata, in ɗanki yana barci, kina buɗe bakinsa ki ɗura masa kunu?"

"A'a."

"To barci take. Cikin nan nata tulu ne, tun damina ta cika shi. Kowane ice da lokacin barcinsa. Dubi gawon can, shi yanzu idonsa biyu, sai ruwa ya sauka zai zubar da ganye. Ke kin ga babu ganye kin ce yunwa ce."

Matarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, baƙi ne fa, tun daga Najeriya. Ka bari su sha ruwa kafin ka cinye su."

Bai kula ta ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kife kaskon, Gajera ta fito tsirara. Saiwar da ya kamata ta zama kamar doya ta zama baƙa, tana ɗiga. Ya sa wuƙa a garwashin shayi, ya bari ta huce, ya ce in riƙe masa kan. Ya fara yanka. Ya yanke ya duba, baƙi. Ya sake yankewa, ruwan ƙasa. Duk yanka ɗaya sai in ji kamar a jikina, ina ta Hasbunallahu a zuci. Sai a na biyar farin nama ya bayyana, kuma a lokacin fiye da rabin gindin ya tafi. Ya bi jikin da yatsa, ya sami rassa biyu da ruɓar ta hau, ya cire su. Cikin rassa biyar saura uku, ɗaya kuma akuya ta taɓa shi. Ya daka gawayi ya shafe duk inda wuƙa ta bi.

Na ce, "Baba, za ta rayu?"

"Ban ce ba. Ku bar ta nan kwana biyu in ga ko yankan zai bushe."

Kwana biyun nan Yaya Uwani ta yi sarinta, ni kuwa safe da yamma ina lungun. Matar Malam Ilya ta ji daɗin naman layya, ta koya mini yadda suke gasa cuku a jefa a shayi. Ranar Lahadi da safe ya taɓa yankan ya ce ya kama. Ya naɗe ta a tsumma ya miƙo mini kamar jaririya. Ya ce a rataye ta a inuwa inda iska ke bi, babu ƙasa babu ruwa, sauran aikin mai ita ya sani. Ya ƙara da cewa, "Ki gaya masa da bakinki, kada ki bari ya gani da idonsa tukuna."

Dawowa ba ta yi wuya ba, ko kuwa ni ce ban lura ba. Abin da ke cinyata ya zama mara nauyi, kaskon kuma yana cikin buhun dabino. Na rataye ta a rumfar bayan ɗakin Baba. Kwana shida bayan nan jirginsu ya sauka.

Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana ta rabon zamzam da dabino. Na ga idonsa yana zuwa kan tubalin da kaskon yake zama. Da mutane suka fita sallar la'asar na shiga na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa masa komai, tun daga ruwan alwala har wuƙar Malam Ilya. Ban rage ba. Ya ce in kawo ta. Ya warware tsumman, ya daɗe yana shafa gurbin rassan nan biyu.

"Har Damagaram kika je?"

"E, Baba."

"Ilya yana nan da rai?"

"Yana nan, yana gaishe ka."

Ya ce, "To. Tashi ki je."

Shi ke nan. Da faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi. Sati bakwai yana amsa gaisuwata, yana cin abincina, yana wasa da jikokinsa, amma bai ƙara ambaton Gajera a gabana ba. Na gan shi daga nesa ranar da ya tankaɗe rairayi ya haɗa da ɓarɓashin tukunya ya mai da ita kaskon, ya tokare ta da duwatsu don ba ta iya tsayuwa da kanta. Ban matsa kusa ba. Kullum in na idar da salla sai in sa ta a addu'a, ina jin kunyar abin da nake roƙo, ina kuma roƙon.

Ranar wata Talata, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna, ina tankaɗe a tsakar gida na ji muryarsa.

"Amarya."

Na taso da gari a hannuna. Yana tsugune gaban kaskon da tabarau a hanci. Ya nuna mini da tsinke. A kan reshe biyu akwai wasu 'yan kore-kore, ba su fi ƙwayar gero ba. Na ukun babu komai, har yau kuma babu.

Ya ɗebo ruwa a moɗa, rabi, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, ni?"

"Ta farka. Yanzu ne take jin ƙishirwar. Zuba ta gefe, a hankali."

Na zuba ta gefe, shi kuma yana riƙe da gindinta don kada ta faɗi.